Safa Ashirin da Huɗu, Duk na Hagu

Shekara arba'in da ɗaya ina auren Shigeharu, talatin daga ciki na yi su ne ina jin ƙarar kwarashi. Ni ko abin goge tukunya ban taɓa saƙawa ba, kuma ban yi da-na-sani ba. Masaƙi ɗaya ya ishi gida.

Kowace kaka bayan girbin shinkafa, mutum goma sha biyu na garinmu sukan yi shigar dakarun da aka ci da yaƙi shekara ɗari da hamsin da suka wuce, su yi jerin gwano daga tsohuwar ganuwa zuwa maƙabarta. Riguna da bindigogi da masu yin su. Hula da safa kuwa aikin mijina ne. Ya ce a wancan zamani ƙananan samurai, wato mayaƙan sarakuna, da talauci ya ishe su ne suke saƙa wa sojoji safa, har da kakan kakansa. Sawu ɗaya ya rage a gidan tarihin garinmu, shi ya yi ta zarya yana ƙirga idon saƙar ta bayan gilashi har ya haddace. Safa ce mai ware babban yatsa don hancin takalmin ciyawa ya sami wurin shiga, saboda haka ta dama daban, ta hagu daban.

Ga shi da tsanani. Akwai shekarar da ya tsayar da Tokuji, mai sayar da tofu, wato awara, kuma shugaban dakarun, a tsakiyar titi, ya sa shi ya tuɓe safar kanti a gaban jama'a. Daga tsallaken hanya ya gano ta.

Bara mantuwa ta fara kama shi. Ya sa butar shayi a firji, ya kira ni da sunan yayarsa da ta daɗe da rasuwa. Likita ya faɗa mana sunan ciwon, ni dai abin da na riƙe shi ne ba ya warkewa. Amma hannuwansa ba su manta komai ba. Da ya ɗauki siraran kwarashin nan na ƙarfe sai ya koma mutumin da na aura, har da tsakin da ya saba yi. Saƙar nan ita kaɗai ta rage masa, kuma na san ranar da ya gane ta kuɓuce masa, ranar zan rasa shi yana raye.

Al'adarsa ce ya ƙulle kayan a ƙyalle, ba mai gani sai safiyar biki. Na bar shi yana shan romon miso na waken suya, na kai ƙunshin zauren unguwa inda suke shiryawa. Huluna lafiya lau. Tokuji ya sa safa ɗaya, ya ɗauki ta biyu, ya jujjuya ta, ya ajiye, ya ɗauki wata.

"Yaya Fumie, zo ki gani. Ko dai ni ne na kwana da ƙafar hagu biyu?"

Na tsuguna na baje su a kan tabarma. Ashirin da huɗu, rinin shuni, ba inda ido ɗaya ya zame. Duk na hagu. Wata shida yana gama ta hagu ya manta ya yi ta, ya sake ɗora wata, ni kuma ina gefensa ina yankan kabewa ban lura ba. Na ji haushin kaina fiye da yadda zan iya faɗa.

Wani ya ce a ruga kanti. Tokuji ya harare shi.

"Ka manta abin da Malam ya yi mini? Har yau jikokina suna yi mini dariya." Ya zura hannu cikin safar ya juyo ta baibai, ya sa a ƙafar dama. Ta zauna daram.

"Haba Tokuji," in ji Masao mai gyaran keke, "gawa fa ake sa wa kaya a juye."

"To mu mene ne? Yau shekara ɗari da hamsin da aka harbe ka, ba a gaya maka ba? Sa safarka, tsoho."

Aka yi 'yar dariya, amma ba wanda ya dube ni. Ɗaya bayan ɗaya suka juya safa goma sha biyu, bayan saƙar ya fito waje da ƙullin zarensa.

Na ɗauko Shigeharu muka zauna a inda muka saba, bakin gada. Gaba kura, baya siyaki: idan ya gani, ya san abin da ya same shi, idan bai gani ba, to idon ma ya tafi. Ban san wanne nake roƙo ba.

Ganga ta matso. Mutane suna kallon tuta da bindigogi, shi ƙafafu yake kallo kamar kullum. Tokuji ya wuce yana taku da ƙarfi, ƙirji a gaba. Na biyu ya wuce, na uku. Sai na ji yatsunsa sun matse gwiwata.

"Fumie, na dama duk a baibai suke."

Ya ƙara leƙa ƙafafun.

"Wannan hagu biyu aka yi. Wa ya saƙa musu?" Ya juyo ya dube ni, kuma a idonsa na ga ya kusa tunawa, saura ƙiris.

"Ni ce," na ce. "Bana ka yi fama da mura, sai na karɓa."

Ya daɗe yana dubana. Daga nan ya saki ajiyar zuciya, ya girgiza kai, ya yi tsakin nan nasa.

"Shekara nawa kina zaune kusa da ni, ba ki san dama da hagu ba? Amma hannunki ba laifi, idon ya jeru." Ya ɗan bubbuga bayan hannuna. "Kada ki yi kuka a gaban mutane, Uwar gida. Baɗi ni zan yi da kaina, ke ki zauna ki kalla."

Na ce to. Tun satin da ya biyo baya ya ɗora zare. Yanzu akwai bakwai a cikin kwando. Duk wadda ya gama nakan ɗauka in duba wajen yatsan, in mayar, in ce masa ta yi kyau.