Daddawar Baban Purity

Da korona ta rufe hanyar jiragen sama, abin da ya fara ƙarewa a gidan Isaiah daddawa ce. Shi malamin kwaleji ne, mutumin Kafanchan, kuma a wurinsa miyar da babu daddawa ruwan wanke kwano ce. Sai ya sayo waken suya a kantin ɗan Sin da ke ƙasan benensu a Setapak, unguwar da suke zaune a ƙasar waje, ya dafa, ya tusa a roba, ya ɓoye a kabad ɗin kicin don ya ruɓe.

Matarsa Felicia kuwa renon yara take yi a falon gidan, da lasisin da ta sha wuya kafin ta samu. Iyayen yaran ma'aikatan asibiti ne, ba su da inda za su kai su.

Ranar da waken ya nuna, har ƙadangarun bango sun yi ƙaura. A ranar kuma aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Felicia ta leƙa, ta dawo tana raɗa. "Baban Purity, ka kashe ni. Mai duba tsafta ce. Yau lasisina ya tafi."

"Ki ce mata maganin gargajiya ne."

"Maganin me? Na korar baƙi?"

Jami'ar ta shigo, 'yar siririya, da takunkumi a fuska. Ta ce a kira ta Puan kawai, wato uwargida a yaren ƙasar. Ta auna zafin goshin kowa, ta duba tukunyar kashe gobara, ta girgiza ƙarfen taga. Ta ce a raba yaran nesa da juna. Aka raba su, suka rarrafo suka sake haɗuwa a kan cokali ɗaya.

Daga nan ta nufi kicin. Felicia ta fara addu'ar Ubanmu wanda ke sama, amma ba ta wuce layin farko ba aka buɗe kabad. Puan ta ɗaga murfin robar, ta sauke takunkumi, ta kai hanci har ya kusa taɓa waken. Isaiah da kansa sai da ya ja baya, idonsa na hawaye.

"Wake ne? Boleh, ba laifi," in ji Puan. "Gidanki fes, ko warin kunzugu babu." Ta sa hannu a takarda.

Isaiah ya ɗaga ido sama. "Ubangiji ya toshe hancin Fir'auna," ya ce da Hausa.

Felicia ba ta yi dariya ba. Ta dubi takardar, ta dubi yaran da ke tsotsar yatsun juna. Kowa ya san ciwon da ke ɗauke wa mutum jin wari a shekarar nan.

"Maman Purity, ta riga ta sa hannu. Rufe bakinki mu rabu lafiya."

"Puan," Felicia ta ce, "da gaske ba ki ji komai ba?"

"Me zan ji?"

"Wannan abin, maƙwabcinmu na sama ya yi zaton mutum ne ya mutu."

Puan ta sake shinshinawa. Ta fito da man goge hannu daga jaka, shi ma ta shinshina. Sai ta mayar da takunkumi a hankali, ta ja da baya har ta jingina da ƙofa.

"Alamak," ta ce, wato "na shiga uku" a yarensu.

Gwaji ya tabbatar Puan na ɗauke da korona. Aka rufe renon, aka killace su a gida, iyaye suka yi ta ƙorafi a waya. Lasisin dai yana nan a bango, da sa hannun Puan.

Daddawar ba ta shiga miya ba, ta zama abin gwajin hanci. Kowace safiya Felicia kan jera mijinta da 'yarsu Purity a kicin, ta ɗaga murfi.

"Yaya?"

"Kamar mushen akuya," in ji Isaiah, yana toshe hanci.

"To, mun gode wa Ubangiji."