Biro a Hannun Na'ibi

Gara in fara da nawa laifin. Ni ne mai fassara wa majalisarmu labaran ƙasashen waje, alhali Turancina bai wuce na cike fom a filin jirgi ba. Abin da na ji in faɗa, abin da ban ji ba in cike da hankalina, kuma shekara uku ke nan babu wanda ya kama ni. Majalisar kuwa benci biyu ne a bayan wani shagon gyaran waya a unguwar Bagdadiyya, nan ƙasar Larabawa, inda muke haɗuwa bayan La'asar tun da aka rushe tsohuwar unguwarmu Karantina aka watsa mu unguwa-unguwa.

A wancan watan, labarin da ya fi ci shi ne na wata babbar ƙasa can ƙetaren teku. Yadda na fahimta, shugabansu ya sa hannu a wata takarda kan zubar da ciki, wani alƙali ya ce ba shi da hurumin yin haka, mata suka fito titi da kwalaye. Ko hanawa shugaban ya yi ko halattawa, na sauya wannan har sau biyu a mako guda, kuma gardamar ba ta ragu da komai ba.

Wanda ya fi kowa zafi shi ne Na'ibi, direban wani gida a Abhur, unguwar masu kuɗi ta bakin teku, mutum mai shekara hamsin da biyu da bai taɓa jefa ƙuri'a a ko'ina ba. A wurinsa shugaba shugaba ne: in ya sa hannu, halas, magana ta ƙare, alƙali ya naɗe tabarmarsa. Abokin karawarsa Ismail ne, Bahaushen Sudan, wanda ya yi magatakardan kotu kafin ya koma sayar da turare. Shi yakan ce babu ikon da ba shi da iyaka, kuma duk wanda ya ga sa hannu abu ne mai sauƙi, to ba a taɓa miƙa masa takardar kirki ba.

"Ku ba ni biron nan na yini ɗaya," in ji Na'ibi, yana buga cinya. "Kafin Magariba na gama musu rigimar."

Ranar Lahadi aka ba shi biron.

Matarsa Hikima tana da ciki na mako goma sha huɗu, tana da shekara arba'in da uku. Rabonsu da haihuwa tun 'yarsu Sajida, wadda yanzu ta kai sha tara. Na'ibi bai faɗa wa kowa a majalisa ba, amma mun lura ya daina kukan tsadar haya, har yana saya mana shayi ba tare da an roƙe shi ba. Tun da buldoza ta bi ta kan gidan da suka yi shekara ashirin a ciki, wannan ne abu na farko da ya ji an ba shi, ba ƙwacewa aka yi ba.

A asibiti, likitar Hikima, Dakta Arwa, ta yi masa bayani da Larabci a hankali, kamar mai koya wa yaro karatu. Zuciyar Hikima ce. Akwai wata ƙofa a cikinta da ta ƙuntata tun tana yarinya ba a sani ba, yanzu cikin yana neman jinin da zuciyar ba za ta iya turawa ba. Likitoci uku sun zauna, bakinsu ya zo ɗaya: in aka bar cikin, da wuya uwar ta kai wata na bakwai, kuma da wuya abin da ke cikin ya rayu in babu ita. Ta turo masa takardar amincewa a cire cikin, mai layin sa hannu biyu a ƙasa. Na farko an riga an cike shi. Ya gane rubutun, domin shi ya koya wa Hikima rubuta sunanta, kuma har yau takan karkatar da harafin ƙarshe.

Ya ce zai yi tunani. Likitar ta ce yana da lokaci zuwa Alhamis, sai dai ya sani kowace rana da ta wuce, daga jikin matarsa ake cirar ta. Ya ninke takardar huɗu ya sa a aljihun gaba.

A gida Hikima ba ta matsa masa ba. Ta zuba masa abinci, ta zauna a bakin gado tana numfashi da baki.

"Kin sa hannu ba ki jira ni ba," ya ce, ba tare da ya dube ta ba.

"Na yi kukana tun Juma'a, Baban Sajida. Kai ne ba ka yi naka ba."

Ranar Litinin ya kai takardar wurin limamin masallacin unguwarsu. Daga baya ya gaya mini gaskiya cewa ba fatawa ya je nema ba, umarni ya je nema. So yake wani ya ce masa haramun ne ya yaga, ko wajibi ne ya sa, ya huta. Liman ya karanta, ya tambayi makonnin cikin, ya ƙirga a yatsunsa, ya ce malamai sun yi sassauci idan amintattun likitoci suka tabbatar ran uwa yana cikin haɗari. Sannan ya ninke takardar yadda ya same ta, ya mayar masa, ya ce Allah ya zaɓa masa abin da ya fi alheri. Na'ibi ya fito da nauyinsa yadda ya shiga da shi, har da ƙarin addu'a a kai.

Ranar Talata ya zo majalisa. Na kawo sabon labari cewa wata kotu ta sama ta shiga maganar, na ƙawata shi iya ƙoƙarina, ina jiran ya buga cinya. Bai buga ba. Muka tsokane shi cewa ko alƙalan sun saye shi ne. Ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya ja Ismail gefe wajen wata mota da aka ajiye, ya ce wani abokinsa ne yake cikin wani hali.

Ismail ya saurari labarin abokin har ƙarshe. Da ni ne, da na tuna masa maganar biro na yini ɗaya, domin irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Ismail bai yi ba. Ya tambaya ko matar abokin ta faɗi ra'ayinta. Na'ibi ya ce ta ma sa hannu.

"To, ɗan'uwa, abokin nan naka ba hukunci aka ce ya yanke ba. Masu ilimi sun yi magana, mai jikin ta yi magana. Tambayarsa ake ko zai tsaya kusa da ita."

Na'ibi ya ce abin bai kai haka sauƙi ba. Ismail ya ce shi ma bai ce da sauƙi ba.

Ranar Laraba da safe ya kai yaran maigidansa makaranta, ya kai uwargidan wurin ƙawarta, ya faka a inuwar katanga yana jira. Wayarsa tana aljihun ƙofa a kashe murya, saboda uwargidan ba ta son ƙara a mota. Daga inda yake yana hango teku tsakanin gidaje biyu, da wasu samari suna wasa da babur ɗin ruwa. Ya fito da takardar, wadda gumi ya fara tausasa ta.

Ba maganar liman ce ta zo masa ba, ba ta Ismail ba. Matakalar gidansu ce. Hawa na uku suke, kuma wata guda ke nan Hikima takan tsaya a kowane hawa tana laluben jaka, wai makulli take nema. Sau uku take neman makulli ɗaya kafin su kai ƙofa, shi kuma yana gaba yana ce mata ta riƙa ajiye abu wuri ɗaya. Sai a ranar ya gane makullin bai taɓa ɓata ba.

Ya yi kukan nasa a nan, a taƙaice, irin na direban da za a iya kira kowane lokaci. Ya yi bismillah, ya ɗora takardar a kan sitiyari ya danna biro da ƙarfi, har hon ya yi ƙara, maigadin gidan ya leƙo. Ya ji wani irin girma ya sauko masa. Ya shirya kalmomin da zai faɗa wa Hikima, ya gyara su sau biyu. Sannan ya ɗauko waya don ya kira ta, ya tarar da kiran Sajida goma sha ɗaya.

Bai tuna yadda ya nemi izini ba, bai tuna hanyar ba. A barandar asibitin ya sami Sajida zaune a ƙasa, takalminta ƙafa ɗaya daban da ɗaya. Hausarta, wadda dama a tsaitsaye take, ta gudu ta bar ta da Larabci. Da ƙyar ya haɗa zancen: Mama ta faɗi a kicin wajen ƙarfe takwas, numfashi ya ƙi, jini ya ɓalle, maƙwabta suka sauko da ita a kan kujera. Likitoci suka ce abin ya zama na gaggawa, kuma gaggawa ba ta jiran kowa.

"Halas, Baba. Sun gama tun ɗazu. Tana da rai."

Sai bayan Azahar aka bar shi ya shiga. Hikima tana kwance da roba a hanci, ta yi ƙanƙanta a gadon. Duk kalmomin da ya shirya a Abhur suka watse. Ya tsaya yana murza hularsa, daga bisani ya zaro takardar ya buɗe mata, yana nuna layi na biyu da yatsa.

Ta daɗe tana duban sa hannun, inda biron ya huda takardar.

"Yaushe?"

"Da safe. Kafin in ga kiran. Wallahi kafin in gani."

Ta lumshe ido. Ya zaci barci ya ɗauke ta, sai ya ji yatsunta sun kama bakin rigarsa.

"Na yarda," ta ce. "Zauna, ka tare mini fitila."

Ya jawo kujera ya zauna ta inda hasken yake dukan idonta, takardar a kan gwiwarsa, a buɗe, don kada a zo karɓa a same shi bai shirya ba. Duk ma'aikaciyar jinyar da ta shigo sai ya ɗan ɗaga ta. Su kuwa su duba ƙarin ruwa, su rubuta wani abu a allo, su fita.

Kwana shida Hikima ta yi kafin a sallame ta. Babu wanda ya tambaye shi takardar.