Abin da ke Bayan Gwiwa

Ranar Talata da hantsi matar Malam Gwiwa ta faɗi tsakanin kicin da falo, da tiren shayi a hannunta, ba ta sake tashi ba.

Gwiwa ba sunansa na yanka ba ne. Ɗalibai suka laƙaba masa, don shekara ashirin da takwas ya yi yana koyar da ƙasusuwa da gaɓoɓi a makarantar koyon aikin jinya, kuma in aka zo darasin gwiwa ko ƙararrawa ba ya ji. Yana da wata gwiwar roba da yake shiga aji da ita a hammata. Ya ɗaga ta, ya nuna inda ƙashin cinya ya hau kan ƙashin ƙwauri, da ƙoƙon gwiwa a gaba yana tare musu bugu. Ya ɓalle ta, ya fito da guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, matashin da ke hana ƙashi cin ƙashi. Jijiyoyi huɗu ke ɗaure gaɓar, biyu a gefe, biyu a ciki sun gitta juna: ɗaya tana hana ƙwauri zamewa gaba, ɗaya tana hana shi komawa baya. Yakan ce wa 'yan aji aure ke nan, kowa ya ja nasa gefen, a haka gida ke tsayuwa. Su yi dariya, don shi ke da maki.

Da ya yi ritaya ya taho da gwiwar gida, ya ɗora ta kan kantar littattafai. Matarsa ce ke goge mata ƙura, tana kiranta 'yar lelen Malam.

Kwana shida kafin wannan Talatar ta dawo daga wurin 'yarsu da ta haihu. Awa goma sha uku ta yi a bas, a kujerar baya, da jaka a kan cinya, babu wurin miƙe ƙafa. Washegari ta ce bayan gwiwarta ta hagu na ciwo, ƙafar ta kumbura daga nan zuwa ƙasa, ga ta da ɗumi. Ya zaunar da ita, ya maƙala tabarau, ya durƙusa gabanta. Ya kama ƙwaurin ya ja gaba, ya tura baya: jijiyoyi ƙalau. Ya murɗa ya saurara ko guringuntsi zai yi ƙas. Ya danna ƙoƙon. Sannan ya yanke hukunci, tsufa ne, gaɓa ta fara cinyewa, ruwanta ya taru ta baya. Har da sauko da gwiwar roba don ya nuna mata wurin.

"Malam, taka ta roba ce," ta ce. "Tawa da jini a cikinta."

Ya yi dariya, ya ce ashe ya auri farfesa bai sani ba.

A kwana na uku ta ce ko za su leƙa asibiti. Ya ce su je su yi awa huɗu a kan benci, don wani yaron da bai kai shi sanin gwiwa ba ya maimaita mata abin da aka riga aka faɗa mata a falonta? Ta ce mai ɗaki dai shi ya san inda ke masa yoyo. Ya ce haka ne, amma magini ya san dalili. A nan maganar ta mutu, kamar yadda maganganunsu suka saba mutuwa, da tasa a ƙarshe.

Ya je kyamis ya sayo man zafi. Safe da yamma yakan ɗora ƙafar kan cinyarsa, ya murza da manyan yatsunsa biyu, daga ƙasa zuwa sama, da ƙarfi, yadda tsoka za ta saki. Tana cije leɓe. Ran Litinin ta ce masa shekara talatin da shida suna tare bai taɓa riƙe ƙafarta haka ba, in dai haka ne ciwon ya yi zamansa.

Ran Talatar a asibiti, bayan likita ya gama nasa ya wuce, babbar nas ɗin sashen ta jawo masa kujera. Tsohuwar ɗalibarsa ce, mai zaman layin gaba. Ta ce gudan jini ne ya daskare a babbar jijiyar jinin da ke bi ta bayan gwiwa, ya ɓalle, ya hau ya toshe huhu. Ta tambaya ko marigayiyar ta yi doguwar tafiya. Ya ce ta yi. Ko ƙafar ta kumbura? Ta kumbura. Ko an murza mata?

Ya dubi hannayensa. Warin man zafi na tashi daga yatsunsa.

Ta sunkuyar da kai kan takardun gabanta. "Malam, wannan ba a darasinka yake ba."

Gaskiya ta faɗa. Hanyoyin jini a ajin da ke jikin nasa ake koyar da su, wurin wata malama da yake ganin surutunta ya fi iliminta. Shekara ashirin da takwas yana jin muryarta ta bango, yana tura ɗalibi ya rufe taga.

Masu zuwa gaisuwa suka ce kwana ya ƙare. Bai musa ba. 'Yarsa ta so ta jefar da gwiwar roba, ya hana. Yanzu ba mai goge ta. Wani lokaci yakan sauko da ita ya juya bayanta: rami ne sumul, wanda ya ƙera ta bai sa komai a wurin ba.

Ya karanta duk abin da hannunsa ya kai a kan gudan jini. In da mai tambaya, zai yi awa biyu yana bayani ba tuntuɓe. Amma abin da ya kamata ya faɗa gajere ne, kuma ranar da ya durƙusa gabanta da tabarau a hanci ce ranar faɗarsa: "Ban sani ba. Ɗauko mayafinki mu tafi."