Shafukan da Suka Dafa Wake

A garin Bejucal, shekaru ashirin da 'yan kai bayan an kori Sifaniyawa daga Kuba, babu wanda bai san muryar Don Nicasio ba, wato Malam Nicasio a harshensu. Shi ne mai karatu a masana'antar naɗa taba da ke bayan tashar jirgin ƙasa, kuma ma'aikatan ne da kansu suka ɗauke shi aiki. Kullum sai ya hau wata doguwar kujera a tsakiyar ɗakin, ya gyara tabarau. Da safe ya karanta musu jarida, su ji farashin sukari da abin da Amurkawa suka sake ƙullawa. Da rana kuma littafin labari, su kuwa hannuwansu na ta naɗi. In karatu ya yi daɗi ba a tafi, sai a dinga buga wuƙaƙen yanka ganye a kan tebura.

A daminar nan labarin da suka zaɓa na wani Kyaftin Leandro ne, wanda ya bar budurwarsa Amparo ya shiga daji yaƙin 'yanci. Tsohon littafi ne da Nicasio ya tsinta a wajen 'yan gwanjo a Habana, babban birnin ƙasar, shi kansa bai taɓa karanta shi har ƙarshe ba. An kai inda Sifaniyawa suka jefa Leandro a kurkuku, sai ga Asabar, aka tashi.

Ran Lahadi aka wuni ana ruwa. Nicasio ya farka daga barcin rana, ƙamshin baƙin wake ya cika gidan. Ya ɗauki littafin ya ji ya rage nauyi.

"Eufemia! Me ya sami littafin nan?"

Matarsa ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu. "Gawayi ya jiƙe, wuta ta ƙi kamawa. Amma kwantar da hankalinka, tsoho, shafukan baya na yago na hura ta. Ban taɓa inda kake karantawa ba."

"Na baya? Ai nan ne ƙarshen labarin!"

"To wa ya ce ka ajiye shi kusa da murhu? Zo ka ci abinci."

Ya ci, har ya ƙara, don waken ya yi daɗi. Amma bai manta da abin da ke jiransa ran Litinin ba. Ya san mutanensa: sun taɓa korar wani mai karatu don kawai ya tsallake babi guda.

Ran Litinin ya hau kujerarsa ya shiga karanta ɗan abin da ya rage, a hankali, yana jan kowace kalma, yana tari ba gaira ba dalili. Duk da haka shafin ƙarshe ya zo. Ya karanta: "Da aka buɗe ƙofar kurkukun, sai Leandro ya ɗaga kai ya ga..." Iyakar abin da ke rubuce ke nan. Hannuwa suka tsaya.

"Ya ga me?" in ji wani daga baya.

Nicasio ya ɗaga ido yana neman agaji. Daidai lokacin Clotilde, bazawarar da ke sayar musu da kofi, ta shigo da tirenta.

"Ya ga wata mace ɗauke da kofi," in ji shi, idonsa ya koma kan bangon littafin kamar mai bin layi. "Doguwa, mai wushirya, tana tafe kamar ba ta son taka ƙasa."

Aka yi shewa. Daga nan bakinsa ya buɗe. Matar ta zuba wa mai gadin kurkuku maganin barci. Mai gadin kuwa yana da gashin baki kamar tsintsiya, yana tafiya kamar agwagwa. Duk ɗakin ya juya ya kalli Baldomero, mai kula da aiki, wanda ke tsaye bakin ƙofa yana murza gashin bakinsa. Wuƙaƙe suka hau tebura. Nicasio bai taɓa jin an buga su haka ba.

Kashegari ya sa Leandro ya tsere, ya hau dutse da gudu, takalmansa na ƙara. Sai tsoho Cirilo ya miƙe. Shi ya yi yaƙin da gaske, an haife shi cikin bauta a wata gonar rake, kuma ya bar yatsu biyu a daji.

"Ƙarya ne! Wane takalmi? Da ƙafa muka yi yaƙin nan, da adda, da yunwa!"

Nicasio ya kai littafin kusa da hancinsa. "Haƙuri, kawu Cirilo, ga shi a layi na gaba. A ƙafar wani Basifanen da ya faɗi ya cire su. Kuma duka biyun na hagu ne."

Cirilo ya gyaɗa kai. "Haka ake yi. Wannan marubucin ya je daji." Don a zauna lafiya, da la'asar sai ga wani jarumin sajan soja mai yatsu takwas ya ɓullo a labarin. Cirilo bai ƙara yin gardama ba, sai dai goge ido.

Mako ya zagayo, Nicasio ya manta da Amparo sam. Kullum Leandro da mai kofi ne, yau a bakin rafi, gobe a gindin giginya. Clotilde ta fara saka fure a gashinta, kofinsa kuma ya riƙa zuwa da sukari ninki biyu. Matan da ke zare jijiyar ganye suka kai labarin kasuwa, kasuwa ta kai shi gida.

Ran Alhamis da rana yana hawa kujera sai ya ga Eufemia zaune a kan wani dami na ganye, gab da shi, sanye da rigar zuwa coci, lema a kan cinyarta. Duk Kuba ita kaɗai ta san abin da ke bayan littafin nan.

"Ci gaba mana, tsoho," ta ce da murmushi. "Na ji ana yabon marubucin, na ce bari in zo in ji da kunnena."

 Ya buɗe littafin, ya gyara murya. "Babi na gaba. Leandro ya gano cewa mai kofin nan 'yar leƙen asirin Sifaniyawa ce."

"Ni?" Clotilde ta dangwarar da tire. "Ubana a tsare a sansanin Sifaniyawa ya mutu!"

"Baiwar Allah, wa ya ambaci sunanki? Littafi ne."

Cikin layi uku ya ɗora mai kofin a jirgin ruwa ya aika da ita Sifen. Sannan ya dawo da Amparo. "Sai ga ta tafe, mace mai cikar jiki, mai faɗin kafaɗa, wadda babu mai dafa wake kamarta a duk lardin."

"Tsaya, Don Nicasio!" in ji wani matashi. "Amparo fa siririya ce kamar karan rake. Kai ka karanta mana."

"Shekarun yaƙi ne, yaro. Baƙin ciki kowa da yadda yake kama shi."

"Kuma ya roƙe ta gafara," in ji Eufemia, tana gyara lemarta.

Nicasio ya duba bangon littafin. "Lallai, ga shi nan. Ya roƙe ta gafara."

"A durƙushe."

"A durƙushe, cikin taɓo."

Aka ɗaura aure, sajan nan mai yatsu takwas ya yi waliyyi, aka kori Sifaniyawa, Nicasio ya rufe littafin da sauri ya cusa shi cikin riga. Bugun wuƙaƙe har tasha aka ji shi.

Da ƙarar ta lafa, ma'aikatan suka ɗaga hannu gaba ɗaya: suna son wani littafin na wannan marubuci. Nicasio ya kalli matarsa, ta kalle shi.

"Ayya," ya ce, "ai ya rasu. Wannan kaɗai ya rubuta."

Cirilo ya miƙe ya cire hularsa. Ɗaya bayan ɗaya kowa ya miƙe, har Baldomero, wanda ya aske gashin bakinsa tun ran Talata. Suka yi tsit don girmama mamacin, Nicasio na tsaye a kan kujerarsa kai sunkuye.

Eufemia ta riƙe hannunsa suka tafi gida ƙarƙashin lema ɗaya, mutane na cewa dubi soyayyar tsofaffi, ba su san farcenta na cikin damtsensa ba. Clotilde kuwa ba ta sake yi masa magana ba sai wajen Kirsimeti, ita ma don ta gaya masa ne cewa za ta auri Baldomero, wanda ta ce ashe kyakkyawa ne.