Ɗakin Atamfa a Bayan Gida

Malam Ado mutum ne da ya gwammace ya kwana da yunwa da a ce masa sannu. Shekara ashirin da shida yana aikin gwajin jini a wani asibiti a Staten Island, bai taɓa bari an riƙe masa ko jaka ba. Sai ga shi a farkon 2014 hawan jini ya kayar da shi, ƙafar hagu ta daina jin magana. Aka sallamo shi da ƙarfen dogarawa mai taya, ya jingine shi a bayan ƙofa yana rataya masa hula. Ya ce ba zai fita titin Stapleton yana tura keken tsofaffi ba, 'yan masallaci suna bin sa da idon tausayi.

'Yarsu Raudatu ma'aikaciyar jinya ce a Bronx, kuma kaifi ɗaya ce. Ta gaya wa uwarta, Rabi'atu, cewa idan watan Yuli ya ƙare Baba bai taka ba, za ta kai shi gidan jinyar tsofaffi inda ba a lallashi. Hankalin Rabi'atu ya tashi. Ta san mijinta: in ya shiga gidan nan, baƙin ciki zai riga ciwon gamawa da shi.

A bayan gidansu akwai ƙarfen shanya mai juyawa, wanda tsohon mai gidan ya dasa a cikin siminti. Kamar lema yake da aka yaye wa yadi, ginshiƙi ɗaya, hannuwa huɗu, igiyoyi zagaye. Rabi'atu tana ji da shi, don saboda shi ta nace suka dawo nan, bayan injin busar da kaya na tsohon gidansu a Concourse Village ya gama kashe mata shadda. Sai dai shingen gidan na waya ne, maƙwabta suna ganin komai.

Wata safiya ta juye akwatinta. Atamfofin duk wankakku ne, amma ta tsoma su a ruwa, ta jera su a igiyar waje har suka zagaye ƙarfen ruf, suka zama ɗaki. Ta sauke hannuwan ƙarfen daidai kafaɗa, sannan ta shiga falo.

"Malam, iska tana juya mini ƙarfen. Don Allah zo ka riƙe mini."

Ya ce tun da aka haife shi bai taɓa shanya ba. Ta ce ai riƙewa kawai ce. Da ƙyar da mita ta tallafe shi har cikin zannuwan, ya kama ƙarfen da hannun dama. Ita kuwa ta koma waje ta ja igiyar a hankali, ƙarfen ya fara juyawa. Ko ya saki ya faɗi, ko ya bi. Ya yi faɗa kamar zai ari baki, amma ya ɗaga ƙafa.

Washegari ta sake jiƙa atamfofin, bai tambayi dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba. Haka suka yi sati bakwai. Zannuwan da ta ajiye don biki suka koɗe a rana, hannuwanta suka yi kaushi, maƙwabta suna mamakin matar da ba ta gajiya da wanki.

Ranar Asabar ta ƙarshen Yuli Raudatu ta iso da takardu a jaka. Ba ta sami kowa a falo ba, ta leƙa bayan gida. Ko ganye ba ya motsi, amma ƙarfen yana ta juyawa, a ƙarƙashin zannuwan kuma ga ƙafafu biyu cikin silifa, ɗaya tana ɗan jan ƙasa. Uwarta tana zaune a kan bokiti ta naɗe hannu.

Ƙarfen ya tsaya. Zannuwa biyu suka dare, Malam Ado ya fito sharkaf da gumi, hannunsa ba komai. Rabi'atu ta zabura za ta tare shi, sai ta danne zuciyarta ta koma ta zauna, daɗi ya cika ta har hawaye. Ya ratsa ciyawar taku ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a gaban 'yarsa yana haki.

"Raudatu, kin tare ƙofa," in ji shi. "Matsa in wuce, alwala zan yi."

Ta matsa, ya hau matattakalar da kansa.