Tabon Bangon Alhaji Isufu

"Hama, riƙe tsanin! Riƙe mana!"

Kafin in ajiye tasar da ke hannuna, tsanin ya zame. Siddo magini, maƙwabcina katanga ɗaya, ya faɗo daga saman tagar Alhaji Isufu, ƙeyarsa ta daki dakali. Ya tashi zaune har da kakkaɓe wando.

"Ba komi. Miƙo mini ƙasar nan in ƙarasa."

Ban miƙa ba, don jini na gani yana bin wuyan rigarsa.

Shi ya gina bangon nan da jan dutse, ba shafen siminti, kowane dutse da fuskarsa a waje. Da ya gama, wani mai sa gilashi daga Malanville ya liƙe tagogi da silikon, farin danƙon nan mai warin tsami, ya goge yatsunsa a jikin dutse ya tafi. Sai soja suka karɓi mulki, aka rufe gadar kan iyaka, Alhaji ya maƙale a Kwatano da motocinsa. Ba a jima ba wani duhun tabo ya fito kewaye da tagogin, kullum yana ƙara faɗi.

Hajiya Mairo, matar Alhaji, ba ta yi dogon tunani ba.

"Tabo na girma, maigida na ƙara nisa. An binne mana wani abu cikin bangon nan, kuma wanda ya gina ya sani."

Magana ta zaga Gaya. Aiki ya ɗauke wa Siddo, har a sahun salla sai ka ga an bar masa fili. Ya rantse sai ya fidda tabon kowa ya gani. Ya kankare danƙon da reza, tabo ya zauna. Wani a tasha ya ce esansi, wato fetur, shi ne maganinsa. Siddo ya sayi kwalba guda a bakin hanya ya dirje, dutse ya shanye, tabo ya ninka.

"Kun gani ko?" in ji Hajiya. "Ya taɓa, ya ƙaru!"

Daga ƙarshe ya kira wani abokin sana'arsa a ƙetare. Layi na yankewa, rabin magana ya ji: a kwaɓa farar ƙasa da ruwan da masu fenti ke wanke buroshi, a lafta da kauri, a bar ta ta bushe ta tsotso man danƙon daga cikin dutse. Ita muke laftawa ya faɗo.

A likita aka ɗinke ƙeyar, amma da azahar ya fara magana a karkace. Barira matarsa ta sunkuya a kansa.

"Baban Fadima, ka gane ni?"

"Kada a taɓa ta. Sai ta bushe."

"Mi za ta bushe? Raunin?"

"Ta sama… Hama ya sani."

Ta juyo ta dube ni. Ni kuwa na kasa gaya wa Siddo cewa tun muna hanyar likita Hajiya ta sa an watsa ruwa an wanke ƙasar tas, wai wa ya san abin da ya tofa a ciki.

Washegari kafin la'asar ya cika. Masu binsa maƙabarta ba su cika sahu biyu ba, su ma raɗa suke yi: bango ya kama mai shi.

Ranar sadaka Barira ta tare ni a zaure. Fadima na bayanta da tiren soyayyen kifi da ta dawo da shi daga kasuwa, ba wanda ya taya.

"Hama, don Allah gaya mini gaskiya. Ya sa wani abu?"

"Ni dai ƙasa na gani, Barira."

"To mi ya sa tabon ke girma?"



Da safe na ɗauki ragowar ƙasar da gwangwanin ruwan fenti na nufi gidan Alhaji. Ban san awon ba. Na kwaɓa yadda idona ya tuna, na fara laftawa a ƙarƙashin tagar ƙasa, warin na hawa mini kai. In ta yi, Fadima za ta sayar da kifinta. In ba ta yi ba, ban san me zan ce ba.

Kabu-kabu ya tsaya a bayana. Wani dogon mutum ya sauko, wandonsa jiƙe har gwiwa irin na waɗanda suka ƙetaro kogi a jirgi, da jakar fata a rataye. Hajiya ta fito da sauri tana gyara lulluɓi.

"Malam, sannu da hanya! Alhaji ya ce kana tafe ka tono abin da aka binne mana. Ga bangon."

Bai dubi bangon ba.

"An ce mini maginin ya rasu," ya ce a hankali. "To wannan fa?"

Na bi idonsa zuwa hannuwana. Farar ƙasar ta fara bushewa a kan yatsuna, tana tsattsagewa.