Wayar da Malam Ukasha Ya Ja

"Adda, wa ya sa ƙusa a nan?"

Khadijat tana kan tsani a zauren maƙwabciyarta, ta buɗe akwatin wutar gidan. Inda ya kamata a ga fis, wata ƙusa ce mai tsatsa a soke.

Tsohuwar ta ɗago kai daga tabarmar da take kwance a bakin zauren. "Malam ne. Shekarar da na yaye Muhsin fis ya ƙone, ya ce ƙusa ba ta ƙonewa."

"Ai ita ba ta ƙonewa. Gidan ne zai ƙone."

"Shekara talatin da biyar bai ƙone ba, sai yau da kika yi boko?"

Shekara biyu ke nan da Khadijat ta gama karatun lantarki, kuma a duk unguwarsu a Kazaure ba wanda ya taɓa ba ta aiki. Maza suka ce mace a kan tsani ba tsari ba ne. Adda kaɗai ke kiranta Injiniya, tun tana rataya jaka zuwa makaranta. Amma ita ma ta hana ta taɓa wayoyin gidanta, don marigayi mijinta Malam Ukasha ne ya ja su da hannunsa, suna bin azara, lanƙwasassun ƙusoshi na riƙe da su. Duk damina idan bango ya jiƙe, ƙofar ƙarfen ɗakinta sai ta riƙa fizgar mutum. Adda ta saba tura ta da ƙafa, sanye da silifa.

Jiya ta manta. Ta idar da alwala ta kama ƙofar da jiƙaƙƙen hannu, ta yar da ita a kan ƙugunta. Shi ne ta aika a kira Khadijat.

"Ki canza duka," in ji Adda. "Amma ta ɗakina ki bar ta. Ita ya fara ja, ina riƙe masa kujera."

"Ita ce ta kayar da ke, Adda. Ɓera ya cinye robar, tana gogar ƙofa. In na bar ta ban yi komai ba."

"To sauko ki tafi gidanku."

Khadijat ta sauko, amma ba ta tafi ba. Ta zauna a gefen tabarmar. "Ki kore ni yau, gobe da safe ki gan ni da tsanina."

"Ke da taurin kai kamar bijimin babana a Gwiwa." Adda ta daɗe tana kallon azara. "In kin cire, kar ki yar. Ki kawo min."

Kwana uku tana aikin. 'Yan majalisar ƙofar gidan suka samu abin kallo. Wani ya ce, "A riƙe mata tsanin mana, kada ta faɗo mana a ka." Ko juyowa ba ta yi ba. Ta zura sababbin wayoyi a cikin bututun roba, ta sa na'urar da ke yanke wuta da kanta idan an samu matsala, ta kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa bayan ɗaki, har tafin hannunta ya yi kanta. Tsohuwar wayar ɗakin kuwa ta naɗe ta da kyau, ta damƙa wa Adda. Adda ta shafa ta, ta tura ƙarƙashin matashi.

Sai dai ba wutar da za a gwada. Iskar ruwa ta karya falwaya ta wajen hanyar Roni, unguwar duka ba wuta. Adda kuma ba ta sake miƙewa ba. Muhsin ya zo daga Fatakwal ya kai ta asibiti, suka dawo da magani cikin leda, abinci ya ragu zuwa kunu cokali uku.

Kullum da safe Khadijat ke kawo kunun.

"Injiniya, an kawo wuta?"

"Tukuna, Adda."

"Ki bar makunnin a kunne, don mu sani da an kawo. So nake in ga taki wutar. In ta Malam ta fi haske, sai kin mayar min da wayata."

"In aro injin wuta in haɗa miki yanzu?"

"Shi da inji ya gwada tasa? Mu jira."

Khadijat ta jira. Duk motar da ta wuce sai ta leƙa ko masu gyara ne. Ba yabon 'yan majalisa take nema ba. Mutum ɗaya take so ta ga aikin nan, ta ɓata fuska ta ce ba laifi.

Ranar Alhamis da hantsi Adda ta cika, Muhsin na riƙe da hannunta. Bayan azahar aka kai ta.

Ranar sadakar uku, da la'asar, Khadijat tana wanke kwanuka a tsakar gidan sai ta ji rediyon wani gida ya tashi da kansa, sannan sowa daga bakin layi. Matan da ke zaman makoki suka ci gaba da jan carbi. Ta miƙe, ruwa na ɗiga daga yatsunta, ta nufi ɗakin. Ta cire silifa. Ta ɗora jiƙaƙƙen tafinta a kan ƙofar ƙarfen, ta bar shi a nan. Sanyin ƙarfe kawai ta ji.

Ta tura. Ƙwan fitilar yana ci a saman gadon da aka yaye wa shimfiɗa. Wanda ya ɗauke matashin bai san abin da zai yi da wayar ba, sai ya bar ta a tsakiyar katifa, a naɗe yadda ta naɗe ta.

Wata mata ta leƙo. "Kashe mana, 'yar nan, ai da sauran rana."

"A bar shi tukuna," in ji Khadijat. Ta zauna a bakin gadon.